Zagayen gidan Du Bois a Akara: ya ci kuɗinsa, amma a rage masa zango

Masu kai baƙi yawon gari a Akara suna da wani zagaye na yini guda da suke tallatawa da sunan W.E.B. Du Bois, Ba'amurken ɗan jarida kuma marubuci da ya ƙare rayuwarsa a garin nan. Sukan ɗauki mutum daga masaukinsa, ko Nima ne ko Mamobi, su kai shi gidan Du Bois da ke Cantonments, daga nan ɗakin karatu na George Padmore, ɗan gwagwarmayar haɗin kan Afirka, sai hubbaren Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, wasu har su ƙara da Jami'ar Legon. Zango huɗu ke nan a takarda. A kan titi kuwa biyu ne ke yiwuwa cikin natsuwa, uku in an yi sammako.

Gidan shi ne ƙashin bayan tafiyar. Yana lamba 22 a First Circular Road, ba nisa da ofishin jakadancin Amurka. Ƙaramin gida ne, kuma ƙanƙantarsa ce ke fara ba mutum mamaki. A ciki akwai littattafan mamacin, da hotuna, da rigunan digirinsa rataye a bayan gilashi. A farfajiya kuma ga kabarinsa, tare da tokar matarsa Shirley Graham, wadda ta shugabanci gidan talabijin na Ghana a farkonsa.

A nan ake gane ɗan jagora na ƙwarai. Wanda ya san aikinsa ba zai fara da kabari ba, da tebur da alƙalami zai fara. Du Bois ya riƙe editan mujallar The Crisis daga 1910 zuwa 1934, yana fallasa kisan gillar da ake yi wa baƙaƙen fata a Amurka. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami digirin dakta a Harvard, a 1895. Sun haɗu da Nkrumah a taron haɗin kan Afirka da aka yi a Manchester a 1945, amma bai halarci bikin 'yancin kan Ghana a 1957 ba, don gwamnatinsa ta riƙe masa fasfo. Sai a 1961 ya tare a Akara, yana da shekara 93, kuma ba hutu ya zo yi ba: Nkrumah ne ya kira shi ya jagoranci haɗa Encyclopedia Africana, kundin da ake so 'yan Afirka su rubuta tarihinsu da hannunsu. Ya karɓi zama ɗan Ghana a 1963, ya rasu ranar 27 ga Agusta na shekarar, ana gobe babban gangamin neman haƙƙin baƙaƙen fata a Washington.

Matsalar ita ce yawancin 'yan jagoran haddar hoto suka yi, ba karatu ba. Sau da yawa za ka ji ana cewa tun ranar farko a gidan aka binne shi, alhali a gefen fadar Osu aka fara sa shi, daga baya aka dawo da shi nan. Wasu kuma su haɗa shi da Padmore a jerin Amurkawa, bayan kuwa Padmore mutumin Trinidad ne. Gwaji mai sauƙi kafin ka biya: tambayi mai zagayen abin da ya kawo Du Bois Ghana. In ya ce "komawa gida" ya yi shiru, nemi wani.

Sai maganar lokaci. Gidan na buƙatar awa ɗaya da rabi in za a duba littattafan, amma masu zango huɗu minti talatin suke bayarwa, direba na waje yana danna ham. Cunkoson mahaɗar asibitin soja na 37 da hanyar Legon da yamma shi ke cinye sauran. A cire Legon kawai, a bar ta ranarta daban. Kuma ba sa lissafa azahar sai ka faɗa tun da safe. Babban masallacin Kanda na kusa, ba ratse ba ne mai nisa.

Kafin a tura kuɗi ta MoMo, wato ta wayar hannu, a tambaya ko kuɗin ƙofa na cikin farashin, don galibi ba ya ciki, kuma na ɗan ƙasa daban ne da na baƙo, saboda haka a riƙe Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. A kuma tabbatar gidan a buɗe yake ranar, tunda akwai shirin sake gina wurin.

Wanda ya san gari, ya kuma ɗan karanta tarihin, ƙaramar motar haya ta trotro zuwa 37 da tasi daga can sun ishe shi. Ɗan jagora ya fi amfani ga mai rakiyar baƙi daga Kumasi ko Kano, ko malamin da ya kwaso ɗalibai, muddin an yi sharaɗi tun a waya: zango biyu, kuma a fara da Cantonments kafin rana ta take.