Janye ɗanka daga darasi, ko doka ta hana darasin?

Iyaye da ke zaune a Amurka sun sha tambayata: wanne ya fi, uba ya janye ɗansa daga darasin da bai yarda da shi ba, ko jiha ta hana koyar da batun ga kowa?

Janyewa ta fi sauƙi, inda aka yarda da ita galibi takarda kawai za ka rubuta wa makaranta. Ta samu gindin zama a Yunin 2025, da Kotun Ƙoli ta goyi bayan iyaye Musulmi da Kirista na gundumar Montgomery a Maryland kan littattafai masu maganar auren jinsi. Sai dai ɗawainiyar tana wuyanka: in ba ka sa ido, darasin zai wuce ba ka sani ba. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da zai fice daga aji shi kaɗai, ana kallonsa.

Doka irin ta jihar Florida ta 2022, wadda ta hana koyar da wasu batutuwa a aji, tana sauke maka wannan nauyi, amma kotu na iya rusa ta. A 2024 alƙalin tarayya ya soke dokar jihar New Hampshire, mai taƙaita yadda ake koyar da batun launin fata da jinsi, saboda ba ta fayyace abin da ta haramta ba. Malamin da ke tsoron karya doka kuwa kan tsallake har tarihin bautar da bayi.

Mai lokacin bibiyar karatun ɗansa, janyewa ta ishe shi. Wanda yawancin mutanen jiharsa ke bayansa, kuma zai jure shari'a, doka ta fi dacewa da shi.