Wane Rimot Ya Dace Da Ƙaramin Jirginka? Jagorar Saye Ga Masu Tashi a Kebbi

Jirgin farko ba ya tsufa. Wanda aka yanka da farin soso, aka liƙe da gam, aka ɗaura masa inji da farfela, kafin mai shi ya ƙware a sauka hancinsa ya sha ƙasa sau biyar ko shida. Rimot kuwa yana nan daram. Shi zai tuƙa jirgi na biyu, shi zai tuƙa na goma. Don haka in akwai inda ya kamata mutum ya zauna ya yi lissafi kafin ya zaro kuɗi, to nan ne.

Yawancin masu saye suna ƙirga maɓallai ne, suna auna girman sikirin. Abin da ya fi waɗannan nauyi ba a ganinsa a hoto, wato yaren da rimot yake magana da shi. Rimot yana hannunka, risiba tana cikin jirgi, ita ke karɓar umarni ta miƙa wa sarbo, ƙananan injinan da ke motsa leɓen fiffike da na wutsiya. Dukkansu a kan 2.4GHz suke, amma kowane kamfani da yarensa. FlySky na jin AFHDS 2A, Spektrum na jin DSMX, Futaba na da S-FHSS da T-FHSS da FASST, FrSky na da ACCST da ACCESS. Risibar wannan ba ta amsa wa rimot ɗin wancan, ko da ka haɗa su goshi da goshi. Sai kuma ExpressLRS, da ake taƙaitawa ELRS, wanda ba mallakin kamfani ɗaya ba ne: kamfanoni da yawa na ƙera risibarsa, kuma duk suna jin juna.

Ma'anar wannan ga mutumin Birnin Kebbi ko Argungu ko Zuru a fili take. Kayan nan yawanci odarsu ake yi daga Legas ko daga Sin, a jira makonni. Rimot sau ɗaya za ka saya, risiba kuwa kowane jirgi da tasa, kuma ita ce ke ɓata a cikin shinkafa ko ta jiƙe a fadama. Kafin ka tambayi kuɗin rimot, tambayi kuɗin risibarsa da sauƙin samunta.

Tasha nawa kake buƙata

Tasha ita ce hanyar da umarni guda ke bi daga rimot zuwa jirgi. Jirgi na yau da kullum tasha huɗu yake ci: leɓen fiffike mai karkata shi, leɓen wutsiya mai ɗaga hanci ko sauke shi, totur, da jelar tsaye mai juya shi dama ko hagu. Sai ka ƙara maɓallin kashe inji, sai ranar da ka raba fikafikan biyu kowanne da sarbonsa, sai na'urar daidaita tashi. Nan da nan shida sun cika, har an kai bakwai. Kada ka sayi mai huɗu, shida ce mafi ƙaranci, takwas ta fi kwanciyar hankali. Sha shida da ake talla da ita, mai jirgin soso ba zai taɓa cika ta ba.

FlySky FS-i6 da FS-i6X

Nan ne ƙofar shiga mafi araha, kuma babu abin kunya a cikinta. FS-i6 tasha shida gare shi, FS-i6X na kaiwa goma idan aka haɗa shi da risibar da ta dace. Yana riƙe saitin jirage 20, yana da haɗin tashoshi, wato sanda ɗaya ta motsa sarbo biyu tare, wanda jirgi mai fiffike zalla ke buƙata da na wutsiya mai siffar V, yawanci kuma da risiba ake sayar da shi, irin FS-iA6B. Menu ɗinsa ba ya da wuyar sha'ani, a zama ɗaya za ka gama gane shi. Batir ɗin AA guda huɗu yake ci, irin na tocila da ake samu a kowane shagon tireda. Ɗalibin da ke aikin kammala karatu a Aliero ko a Waziri Umaru, wanda jirgi ɗaya yake son ya tashi, wannan ya ishe shi.

Inda ya gaza: ba ya magana, ƙara kawai yake yi, haɗe-haɗen da za ka iya tsarawa kaɗan ne, kuma gindin sandunan tuƙinsa irin na gogayya ne. Wannan na ƙarshe shi ne babban abin dubawa a nan wajenmu.

Ƙura da gindin sanda

A ƙarƙashin kowace sanda akwai abin da ke auna inda ka kai ta. Tsohon tsari shi ne wani ɗan harshen ƙarfe yana gogar zoben gawayi, daidai da maɓallin ƙara sautin tsohuwar rediyo. Kowa ya san yadda rediyon ke yi in ƙura ta shige shi: kana murɗawa yana ƙarƙar. A rimot, ƙarƙar ɗin nan ita ce sarbo ya riƙa karkarwa alhali ba ka taɓa komai ba, ko tsakiyar sanda ta goce jirgi ya riƙa jan gefe ɗaya. Sabon tsari, da ake kira Hall, da maganaɗisu yake auna motsi, babu abin da ke gogar wani, don haka babu abin da zai cinye. Wanda zai riƙa tsayuwa a fili daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na kaɗo masa garin ƙasa mai laushi kamar hoda, ya san cewa wannan bambanci ba na ƙawa ba ne. Ko da mai Hall ka saya, ka ajiye shi cikin jaka mai zif, ka riƙa share kwarmin sandunan da burushi mai laushi. Kada ka fesa masa man sassauta tsatsa, ƙura kawai zai tara.

RadioMaster: Pocket, Boxer da TX16S

Dukkansu ukun Hall gare su, kuma manhajar EdgeTX ke tafiyar da su. Da ita za ka iya haɗa kowace sanda da kowace tasha yadda ka ga dama, ka sa agogo ya fara ƙirga da zarar ka ɗaga totur, ka sa rimot ya faɗa maka da murya cewa batirin jirgi ya yi ƙasa, idonka na sama. Amma fa ba ta koyuwa a yini ɗaya. Sabon shiga zai sha ruɗewa tsakanin shafin da ke karɓar motsin sanda, da mai haɗawa, da mai fitarwa zuwa sarbo. Sati ɗaya na haƙuri ya wadatar.

Pocket ƙarami ne, sandunansa na cirewa, kuɗinsa bai yi wa na FS-i6X nisa ba, sai dai risiba da batir daban za ka saya. Mai manyan hannu zai ji shi a takure. Boxer na da cikakken girman sanda, da sikirin baƙi da fari wanda ake karantawa tsaf a tsakar rana. TX16S shi ne babban yaya: sikirin mai launi na taɓawa, inci 4.3, maɓallai birjik, nauyi a wuya, kuɗi kuma ninki uku ko huɗu na FlySky. Ra'ayinmu a nan ba ɓoyayye ba ne: ga mai jirgi mai fiffike a Kebbi, Boxer ne ya fi dacewa da kuɗinsa. Sikirin mai launi a cikin ɗaki yake burgewa, a rana ta Afrilu sai ka yi masa inuwa da hula, kuma ya fi shan batir.

Wurin odar Boxer ko TX16S za a tambaye ka: ELRS ko 4-in-1? Na biyun ƙananan na'urorin aika sigina huɗu ke cikinsa, yana jin yaren FlySky da Spektrum da tsohon FrSky da S-FHSS na Futaba da na jiragen wasa da dama, amma ba ya jin ELRS. Idan kana da tarin tsofaffin risibobi, ko abokan tashinka duk FlySky suke riƙe da shi, ɗauki 4-in-1. Idan daga tushe kake farawa, ɗauki ELRS. Ba a rufe ƙofa ba ko ta ina, domin a bayan Boxer da TX16S akwai gurbin da ake cusa ƙarin na'ura ta ɗaya yaren.

Abu uku ke kayar da sababbin masu ELRS. Yawancin ƙananan risibobinsa na jirage masu farfela huɗu ne, ba su da ƙafafun da ake soka sarbo, don haka nemi mai PWM, irin ER4 ko ER6 ko ER8. Sannan lambar farko ta manhajar rimot da ta risiba dole su zo ɗaya, mai 3 da mai 3, in ba haka ba ba za su haɗu ba. Na uku, a tsarin da ya zo da shi, tasha ta biyar kunnawa da kashewa kawai ta sani. Wanda ya ɗora mata leɓen fiffike na biyu zai ga sarbo yana faɗawa ƙarshe zuwa ƙarshe, babu tsaka-tsaki. Mayar da shi tasha ta shida.

Spektrum, Futaba, FrSky

Kaya ne masu kyau, Futaba na Japan musamman ya daɗe da yin suna wajen aminci. Spektrum yana da amfani ga mai sayen haɗaɗɗun jiragen Horizon Hobby na Amurka, waɗanda ke zuwa da risibarsu a ciki. Amma risibobin duka biyun tsada gare su, samunsu a nan kuma sai an sha wuya. FrSky ya raba kansa gida-gida: tsohon ACCST da sabonsa ba sa jituwa, ga ACCESS, ga bambancin manhajar Turai da ta sauran duniya. Tsohon rimot ɗin FrSky mai suna Taranis na hannu zai iya zama alheri ga wanda ya san waɗannan, ga sabon shiga kuwa ciwon kai ne.

Batir, zafi da nisa

RadioMaster ɗin nan uku batir ɗin lithium mai lamba 18650 guda biyu suke ci, ana cajinsu ta USB-C, ko da fawa bank ne ko sola. Kasuwa cike take da na jabu. Duk wanda aka rubuta masa 9900mAh ƙarya ce tsagwaronta, na gaske ba ya wuce wajen 3500mAh. Sayi biyu iri ɗaya, na Samsung ko LG ko Molicel, daga hannun wanda ka yarda da shi. Araha ba ta ado. Kada kuma ka bar rimot a cikin rufaffiyar mota ko kan sirdin babur a watannin da zafi ke haura digiri 40: sikirin na yin baƙi, batir na lalacewa.

Maganar nisa, kada talla ta ruɗe ka. Jirgi mai faɗin mita ɗaya da 'yan kai, in ya yi nisan 'yan ɗaruruwan mitoci ya zama ɗigo, ba ka sanin gabansa da bayansa, cikin hazo kuwa tun kafin nan. Idonka zai gaza kafin kowane ɗaya daga cikin rimot ɗin nan. Sai an ninka ƙarfin aikawa sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu, saboda haka 1W na Boxer ba abin kunnawa ba ne kullum. A ELRS, 25mW zuwa 100mW ya isa. Ka tsaya kan 2.4GHz. Nau'in 900MHz yana maƙwabtaka da zangon da layukan GSM ke aiki a Najeriya, kusa da dogon ƙarfen sabis zai iya kawo maka matsala, kai ma ka kawo wa wasu.

Doka ma tana cikin lissafin saye. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce ke kula da jirage marasa matuƙi, shigo da su kuma yana da alaƙa da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A watan Maris 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana Zamfara yankin da aka hana shawagin jirage, kuma halin tsaron da ake ciki ya sa duk abin da ya tashi sama ana yi masa kallon tuhuma. Ka nisanci filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, da bariki, da garuruwan kan iyaka irin su Kamba. Ko a fili na bayan gari za ka tashi, je ka gaida mai unguwa ka nuna masa abin da ke hannunka, jami'an tsaron yankin su ma su sani.

Kafin ka biya, da bayan kaya sun iso

Duba Mode. A Mode 2, totur da jela suna hannun hagu, karkatawa da ɗaga hanci suna dama, kuma shi ya fi yawa. Mode 1 totur na dama. Zaɓi irin na wanda zai koya maka, domin ranar da jirgi ya juye shi zai karɓi rimot daga hannunka. Duba kuma haɗuwa da kwamfuta: masu EdgeTX da wayar USB kawai suke zama abin tuƙa manhajar gwaji irin PicaSim, FS-i6 kuwa sai da wata waya ta musamman. Awa goma a kwamfuta na tsare maka fikafikai da yawa.

Na hannu, kada ka yi cinikin biri a sama. Buɗe shafin da ke nuna motsin tashoshi, ja kowace sanda a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ka ga ko layin na tafiya sumul ko yana tsalle. Taɓa kowane maɓalli. Leƙa gidan batir ko akwai koren tsatsa, ka duba gindin eriya ko ya tsage.

Da kaya sun iso, cire farfela tukuna. Rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe. Saita Failsafe, wato abin da jirgi zai yi in sadarwa ta yanke: a FlySky sai ka shiga ka saita da hannunka, in ba haka ba risiba za ta riƙe umarnin ƙarshe, jirgi ya miƙe da totur a sama har batir ya ƙare. Gwada shi: ɗaga totur kaɗan, kashe rimot, inji ya tsaya. Eriyoyin risiba biyu ka shimfiɗa su kamar harafin L, tsiraicin bakin nan mai tsawon wajen milimita 31 ya kasance a miƙe, nesa da batir da inji da sandar kabon. Kada ka nuna jirgi da tsinin eriyar rimot, ta nan ne siginar ta fi rauni, gefenta ke aiki.

Sau da yawa abin da ake ɗora wa rimot laifin wuta ne. Sarbo huɗu in suka motsa tare suna iya jan wutar da ta fi ƙarfin ƙaramin BEC, mai ba risiba da sarbo wuta, da ke cikin ESC, na'urar da ke sarrafa gudun inji, volt 5 ɗin ya faɗi, risiba ta mutu ta sake tashi, a daƙiƙun nan kuma jirgi ba shi da mai shi. A ƙasa, juya sandunan biyu da sauri lokaci guda kana kallon fitilar risiba. In ta ƙifta, sa UBEC, wato BEC na daban, mai amfiya 3 zuwa 5. Daga nan ka rage ƙarfin rimot zuwa na gwaji, wani ya riƙe jirgin yana jujjuya shi, kai kuma ka ja da baya taku talatin kana motsa sanduna, ka tabbatar kowane leɓe na amsawa ta kowace fuska kafin ka mayar da farfela.