Kafin ka sayi na'urar "karanta ƙwaƙwalwa" don gwada ledar kayanka

Masu casar shinkafa a Kura da Haɗeja, da matan da ke ƙulla yaji da garin kunu, duk sun gane cewa leda da tambari suna sayar da kaya. Rigimar tana wajen zaɓi: koriyar leda ko ja, hoton zangarniya ko na tuwo a akushi? A nan ne 'yan boko a cikin dangi ke kawo labarin na'urorin da manyan kamfanoni ke ɗora wa mutane a ka don su ga tallar da ta fi kama su. Sana'a ce ta gaske, har kamfanin Nielsen mai binciken kasuwa ya sayi kamfanin NeuroFocus mai wannan aiki a 2011. Sai dai ba kowane kaya ne ya dace da kowane jaki ba.

Mafi girma shi ne injin fMRI. Mutum zai kwanta cikin ƙaton bututu mai maganaɗisu, injin yana bin inda jini ya fi kwarara a ƙwaƙwalwa. Da shi masanin ƙwaƙwalwa Read Montague da abokan aikinsa a Houston ta Amurka suka gwada Coca-Cola da Pepsi a kan mutum 67 a 2004. Da ba a faɗi sunan lemon ba, zaɓi ya rabu kusan daidai. Da aka ce wannan Coca-Cola ce, sai aka fi karkata gare ta, sassan tunawa na ƙwaƙwalwa suka motsa. Wato suna kansa yana canza yadda baki ke jin abu. Ka riƙe wannan sani, kyauta ne. Injin kuwa na manyan asibitoci da jami'o'i ne, kuma ko a hannun masana yana iya ruɗarwa: a 2009 wasu masu bincike sun bayyana yadda suka sa mataccen kifi a ciki, lissafin da ba a tace ba ya nuna kamar ƙwaƙwalwarsa na aiki.

Wanda za a fi tallata maka shi ne EEG, ɗan kambun da ake sawa a ka. NeuroSky MindWave yana da maɓalli ɗaya, wato ɗan abin da ke ɗaukar sigina, a goshi da maƙale a kunne. Muse na kamfanin InteraXon na Kanada yana ɗaukar sigina daga wurare huɗu, goshi da bayan kunnuwa, kuma don natsuwa da barci aka ƙera shi, ba don talla ba. Emotiv Epoc yana da maɓalli 14, shi ya fi kusa da kayan bincike, kuɗinsa ma haka. Da dala ake sayen su, ga kuɗin jigila da na kwastan.

Abin da suke ji wutar lantarki ce 'yar mitsitsiya da ke ratso ƙoƙon kai. Kamar ka tsaya bayan katangar kasuwar Wudil ranar Juma'a ne: za ka san ta cika ko ta watse, amma ba za ka ji cinikin da ake yi a rumfar wane ba. Na'urar na iya nuna hankali ya tashi, ba ta faɗa maka ko sha'awa ce ko haushi. Ƙifta ido da cije haƙori suna ɓata siginar, haka ma gumi, mu kuwa a watan Afrilu gumi ba ya neman izini. Mai maɓalli 14 sai ya taɓa fatar kai, wanda ke nufin a tuɓe hula, a cire ɗankwali, a yi fama da kitso. Ka tambayi kanka matan aure nawa ne za su yarda da wannan saboda ledar yaji. Sannan sakamakon layuka ne masu hawa da sauka, sai an biya wanda ya iya fassara su.

Akwai kuma na'urar bin ido, wadda ke nuna inda kallo ya fara sauka a jikin kwali. Ita ba ta da'awar shiga zuciya, shi ya sa na fi yarda da ita. Kamfanin miyar gwangwani na Campbell ya haɗa ta da awon bugun zuciya da gumi, a 2010 ya cire cokali daga hoton ya ƙara tururi. Ga mai kaya a kantunan birnin Kano, inda leda ke gogayya da ashirin irinta, tana da amfani. A ƙauye, inda ake buɗe bakin buhu a damƙi shinkafa a duba tsakuwa da karyayya, ido ba a leda yake ba.

Hujjar masu waɗannan na'urori ita ce mutane ba sa faɗin abin da ke ransu, kuma a wurinmu gaskiya ne: don kara, maƙwabci zai ce duka biyun sun yi kyau, Allah ya sa albarka. To kada ka tambaye shi. Buga leda iri biyu kaɗan-kaɗan, kaya ɗaya, farashi ɗaya, ka jera su ranar kasuwa. Bayan azahar ka sauya musu wuri, don na kusa da hannu ya fi tafiya. Maimaita kasuwa uku ko huɗu, kana rubuta abin da ya fita. Ka tuna sau da yawa yaro aka aiko, mai zaɓin tana cikin gida, saboda haka ka ba dillaliya iri biyun ta shiga da su, ka ga wanda za a sake aikowa a saya. Facebook ma yana da tsarin gwada hoto biyu na talla ɗaya da kuɗi kaɗan, amma masu latsawa a waya ba lalle su ne masu zuwa kasuwar Maigatari ba. Wannan ya fi dacewa da mai aika kaya Abuja ko Legas.

Idan duk da haka EEG ɗin kake so, ka bincika ko manhajarsa tana aiki ba intanet, ko sai da biyan kuɗin wata, da kuma inda bayanan ke zuwa. A 2023 kotun ƙolin ƙasar Chile ta umarci Emotiv ya goge bayanan ƙwaƙwalwar tsohon sanata Guido Girardi, jihar Kolorado ta Amurka kuma ta sa irin waɗannan bayanai cikin dokar sirri a 2024. Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, don haka duk wanda za ka ɗora wa na'urar sai ka yi masa bayani da Hausar da zai gane, ya amince tukuna.