Sabon gyaran laburaren makarantarmu: uku cikin biyar na ba su

Gaskiya an yi ƙoƙari a laburaren jami'armu, yanzu akwai gangaren da keken guragu zai bi a ƙofar shiga, da ƙarfen riƙewa hagu da dama, an kuma faɗaɗa ƙofar. Abokina da ke kan keke da sai mun cicciɓe shi mu huɗu kamar buhun masara, yanzu shi yake shiga abinsa.

Amma fa gangaren ya yi tsaye da yawa, ka'ida ita ce duk tsayin mita 1 a ba shi tsawon mita 12, wannan ko kusa bai kai ba, ga tayil mai santsi da suka shimfiɗa, in aka yi ruwa sai dai addu'a wallahi. Lifta kuma sai da wuta, in nepa sun ɗauke ba a ta da janareta ba to hawa na biyu ya haramta gare ka, kuma can littattafan shari'a suke. Banɗakin da aka ware wa nakasassu kullum da kwaɗo, wai mukullin yana wajen wani baba mai shara.

Ma'aikatan kam ba laifi, akwai wata anti a kanta da ke sauko musu da littafi ba ɓata rai. Makafi dai har yanzu ba littafin birel (rubutun da suke karantawa da yatsu) ko ɗaya.

Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da Buhari ya sa wa hannu a 2019 shekara biyar ta ba gine-ginen gwamnati su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Don Allah a fara da canza tayil ɗin nan kafin damina.