CORDIS: rumbun da ke nuna wa ya karɓi kuɗin binciken shara, da nawa ya karɓa

Aikina lissafin kuɗi ne. Shekaru masu yawa ina bin rasit da takardun biya, har abin ya zame mini ɗabi'a: duk inda na ji an ce an ware kuɗi, sai in so in san wa ya karɓa, me ya yi alkawarin kawowa, kuma ya kawo ko bai kawo ba. Maganar shara ma ta daɗe tana ci mini rai. Ranar da na karanta a rahoton 2022 na OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, cewa kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa, sai na ce to duk binciken da gwamnatoci ke biya da kuɗin haraji fa, ina yake zuwa? Neman amsar wannan tambaya ne ya kai ni CORDIS, kuma na yi makonni ina shiga da daddare bayan na tashi daga aiki, da littafi da biro a gefena.

CORDIS rumbun bayanai ne na Hukumar Tarayyar Turai, inda ake ajiye bayanin ayyukan bincike da Tarayyar ta ba kuɗi. Tun 1990 aka kafa shi, kuma ofishin ɗab'i na Tarayyar ne ke kula da shi. Kyauta ne, ba a neman ka yi rajista kafin ka duba. Kuɗin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne: shirin Horizon 2020, wanda ya gudana daga 2014 zuwa 2020, ya tashi kusan Yuro biliyan 80, sai Horizon Europe na 2021 zuwa 2027 da aka tsara masa Yuro biliyan 95.5. Wannan na dukkan fannonin bincike ne, tun daga lafiya har sararin samaniya, binciken shara wani yanki ne kawai a ciki.

Abin da ya fara burge ni shi ne shafin kowane aiki. Ka rubuta kalmar da kake nema, a ce sake sarrafa roba ko tsofaffin batura ko tsummokaran masaƙa, sai jerin ayyuka ya fito. Ka danna ɗaya, ga lambar yarjejeniya, ga ranar farawa da ranar gamawa, ga jimillar kuɗin aikin, ga abin da Tarayyar ta zuba a ciki. A ƙasa kuma ga sunan cibiyar da ke jagoranci da duk abokan aikinta, jami'a ce ko kamfani ko hukumar birni, kowa da ƙasarsa da kasonsa a rubuce, har zuwa kan ɗigon ƙarshe. Duk wanda ya taɓa shan wahalar neman takarda ɗaya tak da ta nuna wa aka biya zai gane dalilin da ya sa na daɗe ina kallon wannan jeri. Gani ya kori ji.

Aikin da na fi zama a kansa shi ne PlastiCircle, wanda aka fara a 2017 ƙarƙashin Horizon 2020, cibiyar ITENE ta Sifaniya na jagoranci. Manufarsa gyara hanyar da robar ƙunshin kaya ke bi tun daga kwandon shara: tattarawa, jigila, tantancewa, sannan mayar da ita wani abu mai amfani. An gwada shi a birane uku, Valencia a Sifaniya, Utrecht a Holan, da Alba Iulia a Romaniya. Na ji daɗin yadda na iya bin sa daga manufar da aka rubuta tun farko, zuwa taƙaitaccen rahoton ci gaba, zuwa takardun sakamako da aka saki. Babu wanda na roƙa, babu wasiƙar da na rubuta.

Ga mai son lissafi akwai ƙari. Ana iya sauke bayanan ayyukan gaba ɗaya a jadawali, a buɗe a kwamfuta, a tace yadda ake so. Ni na ware ayyukan da suka shafi shara, na jera su bisa girman kuɗi, sannan na duba sunayen da suke yawan dawowa. Sai dai kafin ka yi hukunci a kan kowace lamba, ka san ƙa'idar rabon. Aikin bincike zalla ana biyan kuɗinsa kashi 100 cikin ɗari. Aikin da ya kusa shiga kasuwa kuwa, kamfani mai neman riba kashi 70 ake ba shi, shi ya cika sauran. Sannan akwai kashi 25 da ake ɗorawa a dunƙule saboda hidimomin yau da kullum irin su wuta da haya da gudanarwa. Idan ba ka san wannan ba, za ka ga bambanci tsakanin jimillar kuɗi da gudummawar Tarayya ka zaci wani abu ya ɓata, alhali ba abin da ya ɓata.

To, ga inda nake so mai karatu ya natsu. Rasit daban, kaya daban. CORDIS yana nuna maka kuɗin da aka amince a bayar da wanda aka ba. Ba ya nuna maka yadda aka kashe su dalla-dalla, nawa ya tafi albashi, nawa tafiye-tafiye, nawa injuna. Waɗannan bayanai suna tsakanin masu aikin da Hukumar da masu binciken kuɗi. Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, domin Kotun Binciken Kuɗi ta Turai ta sha nanatawa a rahotanninta na shekara-shekara cewa lissafin kuɗin ma'aikata shi ne babban tushen kurakurai a kuɗin bincike. Kuskure ba sata ba ce, sau da yawa ƙa'idar ce ke da wuyar bi, amma dai wurin da ya fi buƙatar ido shi ne wurin da talaka mai biyan haraji ba ya gani.

Na biyu ya fi damuna. Taƙaitattun rahotannin da ke shafin, waɗanda suka karɓi kuɗin ne ke rubuta su. Akwai jami'ai da ƙwararru da ke duba aikin kafin a biya, ban musa ba, amma abin da ke gaban mai karatu muryar mai kaya ce tana bayanin kayanta. Shi ya sa za ka karanta rahoto bayan rahoto da ƙyar ka ci karo da wanda ya ce mun gwada, bai yi ba, ga dalili. Alhali a bincike wannan jumla na da daraja ƙwarai. Idan wata hanya ta raba ledar da aka haɗa da siraran ƙarfe ta ci wuta fiye da ƙima, ko robar da ta fito ta kasa gogayya da sabuwa a farashi, sanin haka zai hana wata gwamnati sake zuba kuɗi a rami ɗaya. Wasu takardun sakamakon kuma na sirri ne saboda kare fasahar kamfanoni, na fahimci dalilin, sai dai hakan na nufin ba duk abin da jama'a suka biya ne jama'a ke iya karantawa ba.

Sai batun bayan an gama. A rahoton akwai sashen da ke magana kan tasirin da ake sa ran samu. Ka lura da kalmar, sa rai ne. Aiki na shekara uku ko huɗu yakan ƙare ne daidai lokacin da fasahar ta kai matakin gwaji. A ma'aunin da suke amfani da shi, mai hawa 1 zuwa 9, hawa na 9 ne ke nufin abu yana aiki a zahiri a kasuwa, kuma ayyukan bincike da yawa ba a tsara su don su kai can ba. Tambayata ta asali, wato tan nawa na shara ya ragu bayan shekara biyar, shafin aikin ba ya amsa ta, domin ba a gina shi don haka ba. A littafina na ja layi uku: abin da aka karɓa, abin da aka yi alkawari, abin da ya tabbata daga baya. Layi biyun farko CORDIS ya cika mini su cikin sauƙi. Na ukun sai da na fita nema a wani wuri.

Wurin da na samu abin riƙewa shi ne rahoto na musamman mai lamba 17/2023 na waccan Kotun Binciken Kuɗi ta Turai, kan tattalin arzikin da ke mayar da kaya cikin amfani maimakon zubarwa. Masu binciken sun ce an tanadi sama da Yuro biliyan 10 don wannan sauyi tsakanin 2016 da 2020, amma kason kayan da ake sake shigarwa cikin masana'antu ya ƙaru da ɗigo 0.4 cikin ɗari kawai tsakanin 2015 da 2021. Sun kuma ce akasarin kuɗin ya tafi ne wajen sarrafa sharar da aka riga aka yi, ba wajen ƙera kaya ta yadda sharar ba za ta taru ba tun farko. Wannan ya dace da abin da idona ya riƙa gani: injin tantancewa abu ne da ake iya ɗauka a hoto a nuna, sharar da ba a yi ba kuwa ba ta da hoto, auna ta ma da wuya. Tarayyar na da buri a rubuce, sake sarrafa kashi 55 na sharar gidaje zuwa 2025, kashi 60 zuwa 2030, kashi 65 zuwa 2035, don haka akwai ma'aunin da za a iya gwada kowane aiki da shi, da a ce an haɗa shi da shafin aikin.

A kuma sani cewa ba duk kuɗin shara ne ke cikin wannan rumbu ba. Shirin LIFE na muhalli, wanda ya fara a 1992, yana da nasa rumbun. Kuɗin raya yankuna, inda ake gina manyan wuraren tantance shara, a wani rumbu mai suna Kohesio ake duba su. Abin da kowace ƙasa ta kashe daga aljihunta kuma ba ya nan sam. Harshe ma shinge ne: labaran sakamako da aka sauƙaƙa suna fitowa a harsuna shida, Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Sifaniyanci da harshen Folan, amma ainihin rahotannin da Ingilishi suke, kuma Ingilishin masu neman tallafi, mai nauyi.

Duk da haka ina ba da shawarar a yi amfani da shi, musamman ɗan jarida, da ɗalibi mai neman abin da aka riga aka gwada kafin ya rubuta nasa, da ma'aikacin hukumar tsafta da wani kamfani ya zo wa da fasahar da ya ce an tabbatar a Turai. Shi na ƙarshen nan ya nemi sunan aikin da lambar yarjejeniyarsa, ya buɗe shafin, ya duba ranar da aka gama, ya karanta rahoton ƙarshe, sannan ya tambayi kamfanin a wane birni injin ke aiki yau, kuma tan nawa yake tacewa a wata.