PowerToys ko manhajar da ake saya da kuɗi: wadda za ta dawo maka da hotunan fayilolin zane

Malam, ka ce fayilolin zanenka ba sa nuna ɗan hotonsu a folda, kana tambayar manhajar da za ta gyara maka. To tsakanin PowerToys, manhajar Microsoft ta kyauta, da ta kuɗin da ake tallata maka ka saya, ɗauki PowerToys, muddin yawancin zanenka nau'in fayil na SVG ne. Kuma kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiya lau take. Windows ne tun asali bai iya karanta fayilolin zane irin su SVG, AI (na manhajar zane ta Adobe Illustrator) ko EPS don ya fitar da ɗan hotonsu a folda ba, sai an ɗora masa wata 'yar manhaja da za ta karanta masa. Idan babu ita, tambarin burauza ko farar takarda kawai za ka riƙa gani.

Kafin ka sauke komai, duba abu biyu. A File Explorer, wato tagar da kake buɗe foldoji, shiga Options, sai View, ka tabbata babu alama a kan "Always show icons, never thumbnails". Sannan ka ƙara girman gumakan foldar, ka danne Ctrl ka murza tayar linzami, domin a tsarin jeri ko da JPG ne ba zai nuna hoto ba. Da yawa a nan matsalarsu take ƙarewa.

PowerToys na Microsoft ne, kyauta, sun farfaɗo da shi a 2019, yana Microsoft Store da GitHub. Ni ina da wata folda ta tambura da na tara, sunayensu duk iri ɗaya, tambari1, tambari2, tambari-na-ƙarshe, tambari-na-ƙarshe-gaske. Mai aiki zai kira yana son shuɗin nan mai zagaye, ni kuwa sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina buɗewa, yana jira a waya. Ranar da na girka PowerToys, na shiga sashen File Explorer add-ons na kunna na SVG da PDF, na kashe kwamfutar na kunna, sai ga foldar ta cika da launi. Har wani zane da na ɗauka ya ɓata na hango a can ƙasa, ashe da sunan wani aiki na ajiye shi. Idan ka danna Alt da P kuma, zai buɗe maka babban hoton a gefe ba tare da ka tashi Inkscape ko Illustrator ba.

Yana da nasa halin, kada ka ce ban faɗa maka ba. Da injin burauzar Edge yake zana hoton, saboda haka duk abin da burauza ba ta ganewa shi ma ba zai nuna ba. Rubutun da ba ka mayar da shi layuka ba yana iya fitowa da wani salon harafi daban, farin zane mara bango kuma sai ya zama kamar fanko. Babban gibinsa shi ne bai taɓa AI da EPS.

Ta kuɗin kuwa na taɓa sayen irinta, ba zan kama suna ba. Tana nuna AI da EPS da PSD, wannan kam ba zan hana ta ba, amma folda mai nauyi sai ta sa Explorer ya yi ta jan ƙafa, kuma da na canza kwamfuta lasisin ya ƙi biyo ni.

Idan AI ne ya fi yawa a wurinka, Adobe Bridge kyauta ne, rajista kawai za ka yi, sai dai a cikin tagarsa za ka ga hotunan, ba a Explorer ba. Ka kuma riƙa barin alama a kan "Create PDF Compatible File" lokacin ajiyewa a Illustrator. Wannan kwafin PDF da ke cikin fayil ɗin shi sauran manhajoji suke karantawa, idan ka cire shi don rage nauyi, ko ta kuɗin tana iya kasa nuna maka zanen. Na fayilolin CDR kuma, manhajarsu CorelDRAW yakan zo da nasa mai nuna hoton, in ya ɓace gyara girkin za ka yi.

Ba ka tambaya ba, amma yi hattara da masu cewa ka turo kuɗi su ba ka "cikakken" PowerToys. Babu wani cikakke, guda ɗaya ne kuma kyauta. Haka masu raba ta kuɗin da aka fasa, waɗanda sharaɗinsu na farko shi ne ka kashe antibairos. Irin wannan manhaja a cikin Explorer take zama, duk foldar da ka buɗe tana gani, to ka san wanda kake ba mabuɗin ɗakinka.

In ka girka hotunan suka ƙi fitowa, wataƙila tsofaffin da Windows ya adana ne suka tare hanya. Buɗe Disk Cleanup, sa alama a kan Thumbnails kaɗai, ka share, zai sake gina su da kansa. Fayilolin da ke cikin OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, kuma hotunansu suna iya ƙin fitowa.