Hasken tagogin coci masu gilashi mai launi: fulodlait ko igiyar LED?

Salama Baba Dattijo. Na ga tambayarku cewa tagogin majami'arku masu gilashi mai launi suna da kyau da rana amma da dare in an tsaya a bakin titi baƙi ƙirin ake gani, kuna so su haska kafin Kirsimeti kuma kuɗin baiko bai taka kara ya karya ba, shin fulodlait, wato babbar fitilar nan mai watsa haske, za ku saya ko igiyar LED ɗin nan mai gam a baya.

Shi irin wannan gilashin sai haske ya ratsa shi launinsa ke fitowa, kuma in gilashin mai garau ne wanda ake hango abu ta cikinsa, toh duk fitilar da aka auna masa kai tsaye na waje zai ga ƙwan ne kawai yana ƙyalli kamar idon mota, sauran hoton duhu. Abin da ake haskawa shi ne wani farin abu a bayan gilashin, bango ko silin ko farin yadi, shi ya maido da hasken a baje. A kan wannan za a auna su biyun.

Fulodlait na LED mai wat 20 zuwa 30 ya isa taga matsakaiciya. Ku rataya farin labule ta ciki, tazarar kamar kamu ɗaya ko biyu daga gilashin, a kafa fitilar nesa kaɗan tana dukan labulen, da safe a zuge shi rana ta shigo yadda ta saba. In cocin ƙarami ne kuma bango da silin farin fenti ne ma ba sai labule ba, a juya fitilun sama su cika ɗakin kawai, duk tagogin za su samu rabonsu lokaci guda. Ga arha ga sauƙin samu a kasuwa, in ɗaya ya mutu a kunce a sa wani, zumuntar mata kuma za su iya ɗinka labulen. Matsalar fulodlait ɗaya, lokacin addu'ar dare yana iya kashe wa jama'a ido in ba a kafa shi sama da kawunansu ba. Don Allah fa kada wani ya kawo muku tsohon halojin mai wat 500 wai kyauta ne, zafinsa kusa da gilashi yana iya tsaga shi ya kuma gajiyar da dalmar da ta riƙe gutsattsarin, sannan taga 4 kaɗai wat 2000 ke nan a kan janareta, alhali LED mai wat 20 guda 4 wat 80 ne duka duka.

Ita igiyar LED kuwa inda ta fi shi ne yawanci bolt 12 take ci, irin wannan za ta hau batirin sola kai tsaye ba ruwanku da inbata ko jiran NEPA, kuma tana ɓuya a jikin firam ba a ganinta. Amma hasken gefe take bayarwa, taga in ta yi faɗi sai bakin ya yi haske tsakiya ya dushe, kuma tsakiyar nan ce ke ɗauke da fuska ko gicciye. In an wuce mita 5 a jere ƙarshenta yana raunana sai an sake ba ta wuta daga wancan ɓangaren, gam ɗin kuma ba ya jure zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu, sai an kama ta da kilif. Tana yin kyau sosai in kafinta ya yi mata akwati mai farin ciki da farar roba a gaba, sai dai akwatin zai toshe rana har abada, ni kam ba na son a yi wa taga haka, sai in dama bango ne a bayanta.

Ni dai fulodlait da labule zan zaɓa wa manyan tagogi, igiyar a bar wa ƙananan na saman ƙofa. Ko wanne kuka ɗauka ku duba lambar launin haske da ke jikin kwali, mai 4000K zuwa 5000K, wato farin haske, ya fi fito da shuɗi da kore, mai 2700K, wato haske mai ruwan ɗorawa, ja da rawaya kawai yake tayarwa ya bar shuɗin a mace, in an samu mai CRI 90, wato ma'aunin yadda fitila ke fito da launuka yadda suke, ya fi. Wat 80 na awa 4 batir mai 100Ah zai ɗauka ba tare da ya sha wahala ba, ku haɗa da taima don kada a manta a kunne har asuba.

Kafin kwamiti ya fitar da ko sisi ku aro fitila ɗaya da farin zanen gado, ku goge ƙurar gilashin da tsumma mai laushi, mutum ɗaya ya tsaya a titi da waya a kunne, na ciki yana matsar da fitilar har a samu inda ya dace, a yi wa wurin alama da alli sannan a kira mai haɗa wuta.